Tambayi Likita: Maganin feshi a hanci ga ciwon damuwar da ya ƙi jin magani

Tambaya: Assalamu alaikum Anti Likita. Matsalar mahaifiyarmu ce ta sa na rubuto. Shekarunta 58. Tun rasuwar Babanmu, shekara uku ke nan, ba ta ƙara komawa daidai ba. Da mun ɗauka zafin rashi ne, za ta ware in ta fita takaba, amma abin ya wuce nan. Matar da ita ce ke tashin kowa sallar asuba, yanzu sai hantsi ya dubi ludayi tana kwance ta juya wa bango fuska. Ta bar Islamiyya, ta bar sana'ar ƙuli da man gyaɗa da ta riƙe mu da ita, ko jikokinta suka shigo sai ta ce a fitar da su, suna hawa mata kai. An yi rubutu, an yi ruƙya, daga baya muka kai ta asibiti aka ce ciwon damuwa ne. An canza mata magani har sau uku, shiru. Yayanmu da ke aiki a Amurka ya ce akwai wani magani da ake fesawa a hanci, wai kwana ɗaya mutum yake miƙewa, yana so ya saya ya ba wani mai zuwa gida ya taho da shi. Da gaske akwai shi? Zai yi mata? Tana da hawan jini kuma.
Wata baiwar Allah, daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya tashi kafaɗun Umma. Yaya bai yi ƙarya ba, maganin akwai shi. Amma ki ce masa ya dakata da maganar ɗan aike, domin ko a can Amurkan ba wanda zai miƙa masa shi a leda ya fito da shi, ko nawa ya ajiye a kan kanta.

Sunan maganin esketamin, ana sayar da shi da sunan Spravato, kamfanin Janssen ne ke yin sa, wani reshe na Johnson & Johnson. Hukumar FDA, takwarar NAFDAC ke nan a Amurka, ta amince da shi a watan Maris na 2019, Tarayyar Turai ta bi baya a ƙarshen shekarar. Sabon suna ne dai a kan tsohon abu. Uwarsa ita ce ketamin, allurar barcin da aka haɗa tun 1962, aka amince a riƙa tiyata da ita a 1970. Duk wanda ya yi aiki a asibitin karkara ya san ta kamar yunwar cikinsa.

Ni na san ta ne ina bautar ƙasa a asibitin wata ƙaramar hukuma, inda babu likitan sa barci, janareta kuma sai ya ga dama. Aka kawo wani yaro ɗan shekara tara da ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ƙashin hannu har ya leƙo. Aka yi masa ketamin, muka yi aiki da hasken tocila. Idanunsa ne ban manta ba: a buɗe suke tar, suna rawa gefe da gefe, yana numfashi da kansa, amma shi ba ya nan. Da ya fara farfaɗowa sai ya riƙa gaya wa babarsa wai rufin ɗakin ya buɗe, ga shi can sama shi da akuyarsu. Babar ta kama salati. Wani tsohon nas da muke tare ya ce mata, "Kwantar da hankalinki Iya, allurar ce, kafin la'asar zai dawo miki." Haka kuwa aka yi. Da a ranar wani ya ce min za a wayi gari ana ba masu ciwon damuwa ɗiyar wannan allura, da na ce zolaya yake.

A shekarar 2000 ne wasu likitoci a Jami'ar Yale suka ba 'yan tsirarun majinyata ɗan ƙaramin awo ta jijiya, sai suka ga nauyin zuciya ya ragu cikin sa'o'i zuwa 'yan kwanaki. Abin ya ba kowa mamaki, domin magungunan da muka saba rubutawa, irin su amitiriptilin da fuloksetin da satralin, ta kan sinadarin sirotonin da 'yan uwansa suke bi, kuma sai an yi mako huɗu zuwa shida ana sha kafin su nuna kansu sosai. Ita ketamin ta wata ƙofa take shiga, ta kan wani sinadari mai suna gulutamet, wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka fi aika wa juna saƙo da shi. An zaɓi hanci ne saboda in aka haɗiye maganin hanta ce ke cinye mafi yawansa kafin ya kai jini, fatar cikin hanci kuwa kai tsaye take miƙa shi.

Na ga yadda ake ba da shi a wani asibiti a ƙasar waje lokacin da na je ƙaro ilimi, kuma wannan ne zai nuna miki abin da ya sa ba ya shiga akwati. Majinyaci zai zo bai ci komai ba na awa biyu, bai sha ruwa ba na rabin awa, saboda tashin zuciya. A auna jininsa tukuna. A zaunar da shi a kujera mai jingina, ya ɗan kwantar da kai baya, a miƙa masa ɗan abin feshin da bai fi yatsa tsawo ba, ya fesa da hannunsa, sau ɗaya a kowace kafar hanci, ma'aikaciya na tsaye a kansa. Kowane ɗaya miligiram 28 ne a ciki, ana yin biyu ko uku a zama guda, da hutun minti biyar tsakani. Sai a rage hasken ɗakin. Wajen minti arba'in da fesawa a sake auna jini, domin a lokacin ne yake kai ƙarshen hawansa, a lokacin ne kuma jiri da wannan fitar hayyaci suke tsananta. Wani dattijo da na zauna kusa da shi ya ɗaga hannunsa yana jujjuya shi, ya ce da ni ya san nasa ne amma kamar aro aka ba shi. Ba a sallamar mutum sai ya cika aƙalla awa biyu, ba zai tuƙa mota ba sai washegari bayan ya yi barci mai kyau. Haka za a yi sau biyu a mako har wata guda, sannan sau ɗaya a mako a wata na biyu, daga nan duk mako ko duk mako biyu, wani ma sai ya shekara ko fiye yana zuwa. Doka ce a Amurka, asibitocin da aka yi wa rajista ta musamman kaɗai ake kai wa maganin, ba a ba kowa ya tafi da shi gida. Akwai wasu masu haɗa nasu feshin ketamin suna tallarsa ta intanet, FDA ta yi gargaɗi a kansu a 2022 da 2023. Ina tsoron kada irin wannan ya faɗo hannun Yaya ya ɗauka shi ne.

To ki ɗora wannan a kan mai hawan jini, a ɗakinta, ba mai awo, ba mai lura. Wanda ya taɓa samun zubar jini a ƙwaƙwalwa ko yake da kumburin jijiyar jini, an hana shi maganin gaba ɗaya. Mai hawan jini kamar Umma ba a hana ta ba, amma sai an saisaita jinin, kuma a gaban likita.

Batun "kwana ɗaya mutum ya miƙe" kuma, da gaskiya a ciki da ƙarin gishiri. Wasu suna jin sauƙi cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan tabbas ne. Amma cikin manyan gwaje-gwaje uku na gajeren zango da kamfanin ya gabatar kafin a amince da shi, ɗaya ne kawai ya nuna fifiko ƙarara a kan feshin da babu magani a ciki. Wani gwaji da aka buga a 2023 ya kara shi da kwetiyafin, ƙwayar da muke ƙara wa majinyaci in maganin farko ya gaza: bayan mako takwas, wajen 27 cikin ɗari sun warware da feshin, wajen 18 cikin ɗari da ƙwayar. Ya fi, babu musu. Amma ki lura, kusan uku cikin huɗu ba su kai ga warwarewa ba a wannan lokacin. Ga tsada: farashin da aka sa masa a 2019 dala 590 ne zuwa 885 kowane zama, watan farko kaɗai ya haura dala 4,700, ban da kuɗin ɗaki da na ma'aikata. Hukumar NICE ta Ingila, mai tantance magungunan da gwamnati za ta riƙa biya wa jama'a, ta auna amfanin da kuɗin a 2022 ta ce ba ta gamsu ba. Ni a ganina magani ne mai amfani ga wanda ya dace da shi, musamman wanda aka bi duk hanyoyi aka rasa, amma bai kai yadda ake kururuta shi a waya ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi tsaya min a wasiƙarki, wato "an canza mata magani har sau uku". Mu a wajenmu ba a cewa ciwon damuwa ya ƙi jin magani sai an sha aƙalla magunguna biyu daban-daban, kowanne a cikakken awonsa, kullum ba fashi, na tsawon mako shida ko kusa da haka. Masu irin wannan suna nan, kuma ba kaɗan ba ne: wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum kusan 4,000, aka fitar da sakamakonsa a 2006, ya nuna kashi ɗaya cikin uku ne suka warware da maganin farko, kuma duk da sauye-sauyen da aka yi ta yi, aƙalla kashi ɗaya cikin uku sun rage ba su warke ba. Sai dai a ɗakin da nake duba marasa lafiya, yawancin waɗanda ake kawo min da sunan "an yi magani an gaji" ba a ma fara ba.

Abin da nake fara yi shi ne in ce a juye min ledar magani a kan tebur. Kwanakin baya aka kawo min wata Hajiya sa'ar Ummanku, ɗanta ya ce magani uku aka gwada. Muka juye. Na farko amitiriptilin ne mai miligiram 25, ana ba ta ƙwaya ɗaya "in ta kasa barci", alhali awon da ke maganin damuwa yakan kama daga 75 zuwa sama, a hankali ake hawa, kuma kullum ake sha. Na biyu na ƙirga gurbin da aka ɓalle a katin, tara ne. Na tambaya, surukarta ta ce ai yana busar mata da baki yana sa ta kasala, shi ya sa suka ajiye. Na uku da na ɗaga, ashe maganin ƙarin jini ne wani mai kyamis ya haɗa mata. A ƙasan ledar kuma ga Aldomet na hawan jini, wanda shi kansa an san yana iya jefa mutum cikin damuwa. Ɗan ya yi shiru yana kallon teburin, can ya ce, "Likita, ashe mu ne." Na ce masa ba ku ba ne, ba wanda ya zaunar da ku ya yi muku bayani.

Saboda haka ki tattara duk abin da Umma ta taɓa sha, har na gargajiya da kwalayen da suka ƙare, ku tafi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Kuna da sashen a asibitin koyarwa na Shika, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, tafiyar da ba ta da nisa. Na san abin da za a ce a gida, wai za a kai Hajiya asibitin mahaukata. Ki bar su su faɗa. A nemi a duba mata yawan jini da suga da aikin halittar nan ta wuya da ke kawo maƙoƙo, domin in ta yi sanyi takan kawo kasala da baƙin rai da babu maganin damuwar da zai ɗauke. Ku gaya wa likita in ta taɓa yin wani lokaci na akasin haka, kwanaki ba barci ba gajiya, surutu da kyauta ba lissafi, domin wannan wani ciwon ne daban kuma maganinsa daban. Ku faɗa masa in ta fara mantuwa. Ke kuma ki zauna kusa da ita ki tambaye ta kai tsaye ko tana jin gara ta bi Baba. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ta ce e, ko ta daina ci da sha, ranar za ku tafi, ba jiran ranar ganin likita.

In an bi duk wannan ciwon ya tsaya kan bakansa, da sauran hanyoyi a nan gida. Ana ƙara litiyam ko kwetiyafin a kan maganin da take sha, ana sauya zuwa wani jinsin. Akwai kuma jinyar lantarki da ake kira ECT, wadda mutanenmu ke jin sunanta su tsorata, suna hango ana jona wa mutum wuta yana ihu. Tun 1938 ake yin ta, kuma yadda ya kamata a yi ta a yau sai an sa mutum barci an saki jijiyoyinsa, 'yan daƙiƙoƙi ne, sau shida zuwa goma sha biyu. Takan taɓa tunawa da abubuwan kusa na ɗan lokaci. Amma ga dattijon da ya kwanta ya ƙi abinci, har yau da wuya a sami abin da ya fi ta, kuma wasu manyan asibitocinmu suna yi.

Ku daina ce mata ta yi tawakkali kamar ba ta yi ba. Annabi Yaƙub, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. A ci gaba da addu'a, a ci gaba da magani. Sannan ki sayo kwano ɗaya na gyaɗa ki zauna a bakin ƙofarta ki fara suya, ki yi ta yadda ba daidai ba. Kada ki ce ta tashi ta yi. Ki dai tambaye ta ko wutar ta yi yawa.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibitin karkara. Na karanta cewa feshin nan daga ketamin aka cire shi. Mu kuwa muna da ketamin a ɗakin tiyata, kuma ba ta da tsada. Akwai wani abokina da damuwa ta yi wa katutu shekara biyu. Me zai hana in riƙa yi masa kaɗan-kaɗan?
Wani ma'aikacin lafiya, daga jihar Jigawa

Amsa: Malam, ni zan hana. Tunaninka ba shirme ba ne, bari in fara da ba ka wannan. Ketamin ɗin da ke kabad ɗinku gauraye ce ta tagwaye biyu masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu, esketamin ɗaya daga cikinsu ne aka ware aka yi wa rajista da sabon suna. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasashe da dama suna ba da ita kanta tsohuwar ta ƙarin ruwa, ƙaramin awo ƙasa da na tiyata, a hankali cikin minti arba'in. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2023 ya nuna ba ta gaza ECT ba ga masu damuwar da ba ta haɗa da gane-gane ko jiye-jiye ba. Ina da yaƙinin in wannan hanya za ta amfani talakanmu wata rana, ta wannan kwalbar mai araha za ta zo, a manyan asibitoci, ƙarƙashin likitan ƙwaƙwalwa da na sa barci.

Amma kai wa ya tabbatar maka ciwon abokinka damuwa ce zalla? In yana da ɓoyayyen taɓin hankali, ketamin za ta iya tono shi. In yana taɓa tiramol ko kodin, ka ƙara masa wani ubangidan ne. Sauƙin allura ɗaya ba ya wuce 'yan kwanaki zuwa mako ɗaya ko biyu, zai dawo maka, ya sake dawowa, ranar da ka ce a'a ya nemi wani. Masu yawan amfani da ita mafitsararsu ke lalacewa, fitsari da jini da raɗaɗi, wasu har sai an yi musu aiki. Matthew Perry, fitaccen ɗan wasan talabijin na Amurka, a asibiti ya fara karɓar ta don damuwa, daga baya ya koma samo ta ta bayan fage. A watan Oktoba na 2023 aka tsinci gawarsa a kwamin wanka a gidansa, yana da shekara 54, kuma cikin waɗanda aka gurfanar a kotu har da likitoci biyu. Mu da muka ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa matasanmu har gwamnati ta hana shi a 2018, bai kamata a buɗe wata ƙofar da hannun ma'aikacin lafiya ba. Ka ɗauki hutun kwana ɗaya ka raka shi Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano, ka zauna da shi a layi.

Tambaya: Anti, wata huɗu da haihuwata, kullum kuka nake ba dalili, ko jaririn ba na son ɗauka. Feshin nan zai yi min? Ina shayarwa.
Maman jariri, daga Maraɗi

Amsa: 'Yata, sannu, Allah ya raya. Feshin ba naki ba ne, ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, kuma ke ko matakin farko ba ki taka ba. Abin da kike ji sananne ne bayan haihuwa, ba mugun hali ba ne, ba kuma rashin son ɗanki ba ne, kuma yana jin magani. Akwai ƙwayoyi irin satralin da ake ba mai jego ta ci gaba da ba da nono. Ki gaya wa ungozomar da ke duba ku a wajen rigakafi, da irin kalmomin da kika rubuto min, ki ce a haɗa ki da likita, a duba miki jini da halittar wuya. Ki samu wata babba da kika yarda da ita, mahaifiyarki ko yayarki, ta dawo kusa da ke ta riƙa karɓar yaron da dare ki samu barci. In kuwa zuciyarki ta fara raya miki ki cutar da kanki ko shi, ko kika fara jin muryoyi, kada ki kwana da shi ke kaɗai a ɗaki, a kai ki asibiti a daren.